TARIHIN MAMADU HADI BA, BAFULATANIN GINI DA AKA HARBE A FARANSA

Duk wanda ya tsaya a bakin Kwara, a ƙasar Shanga ko a tashar jiragen ruwa ta Yelwa, ya dubi ruwan nan da ke gangarawa zuwa tafkin Kainji, to yana kallon ruwan da wani sashinsa ya taso ne tun daga ƙasar Gini. Can ne mafarin kogin. Ɗaya daga cikin rassan da ke ba shi ruwa, wanda ake kira Tinkiso, daga duwatsun Futa Jalo yake fitowa, ya haɗu da uwar kogin, su ratsa Mali da Nijar, su biyo ta Gaya, kafin su iso mana. Mutumin da zan ba da tarihinsa a mujallarmu ta bana ɗan waɗannan duwatsu ne. Sunansa Mamadu Hadi Ba, amma a Faransa da Addi Bâ aka san shi. Sojojin Hitila ne suka harbe shi a garin Épinal ran 18 ga Disamba, 1943.

Na san abin da aka saba karantawa a irin wannan shafi shi ne tarihin wani mai bishara, ko wani fasto, ko ɗaya daga cikin iyayen ikkilisiya. Wannan karon na ɗauko Bafulatani, kuma Musulmi, wanda ba ɗan ƙasarmu ba. Wataƙila wani dattijo zai tambaya ko me ya kawo haka. Ina roƙonsa ya yi haƙuri ya karanta tukuna.

ASALINSA

Futa Jalo ƙasa ce ta tuddai da sanyi da shanu, a tsakiyar Gini. Fulanin wurin sun kafa daular Musulunci tun wajen shekara ta 1725, wato kusan shekara tamanin kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma garuruwansu kamar Timbo da Labe sun yi suna wajen karatu. Faransawa suka ci ƙasar a 1896. Shekara ashirin bayan haka aka haifi Mamadu a wani ƙauye mai suna Pelli-Foulayabé, kusa da Bomboli. Takardunsa suna ɗauke da ranar 25 ga Disamba, 1916, ranar da mu muke bikin Kirsimati.

Mamadu shi ne Muhammadu a bakin mutanen can. Ba kuwa sunan dangi ne, ɗaya daga cikin manyan dangogin Fulanin Futa, tare da Jallo da Bari da So. Da yake Bafaranshe ba ya furta harafin h, sai Hadi ya koma Addi a bakinsu da alƙalaminsu, sunan kuwa ya bi shi har kabari.

Yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya bi iyalin wani Bature mai karɓar haraji, wanda ya yi aiki a Gini, zuwa Faransa. Ya zauna a wani ƙaramin gari, Langeais, a bakin kogin Loire, yana aikin kuku. Daga baya ya koma birnin Faris. Idan da duniya ta zauna lafiya, da ƙila iyakar labarinsa ke nan, yaron gida da ya bi maigidansa Turai.

YAƘI YA TASHI

Ran 1 ga Satumba, 1939, Jamus ta auka wa Polan. Bayan kwana biyu Ingila da Faransa suka shiga yaƙin. Kafin shekarar ta ƙare Mamadu ya kai kansa aka rubuta shi soja, aka sa shi a runduna ta 12 ta sojojin da Faransawa ke kira tirailleurs sénégalais, wato maharban Senegal. Kada sunan ya ruɗe ku. Tun 1857 aka kafa su a Senegal, shi ya sa sunan ya zauna, amma a cikinsu akwai Bambara da Mosi da Fulani da Zabarmawa da Hausawan Nijar da mutanen Dahome. Da yawansu ba da son ransu suka tafi ba, hakimai aka ɗora wa adadin samarin da za su kawo. Shi Mamadu ba wanda ya tilasta shi.

A nan ɗalibi mai tunani zai iya tsayar da ni, ya ce ai Faransa ce ta ci ƙasarsu, me ya kai shi yi mata yaƙi? Tambaya ce mai kyau, kuma ta shafi kakanninmu ma. Samarin Arewa da yawa, musamman na ƙasar Zuru da ke maƙwabtaka da mu, sun sa kakin Sarkin Ingila sun tafi Habasha da Boma, alhali Ingila ce ke mulkinsu. Abin da zan ce kawai shi ne, mulkin mallaka zalunci ne, amma abin da Hitila ya zo da shi ya fi shi muni. 'Yan Nazi sun koyar a makarantunsu cewa baƙar fata bai cika mutum ba, kuma nan da nan Mamadu da abokansa suka ga yadda wannan koyarwa take idan ta riƙe bindiga.

Ran 10 ga Mayu, 1940, Jamus ta juyo yamma. Rundunar su Mamadu ta yi yaƙi a yankin Ardennes da bakin kogin Meuse, tana ja da baya tana faɗa, har zuwa wani ƙauye da ake kira Harréville-les-Chanteurs, inda aka yi musu ƙawanya a tsakiyar watan Yuni. Faris ta riga ta faɗi ran 14 ga wata. Ran 22 Faransa ta sa hannu a takardar ajiye makamai. Mako shida kacal, ƙasar da ke mulkin rabin Afirka ta Yamma ta durƙusa.

A cikin waɗannan makonni ne aka yi wa sojojin Afirka abin da ba a yi wa Turawan da suke tare da su ba. A wurare da dama, idan runduna ta ba da kai, sai Jamusawa su ware baƙaƙe gefe guda su harbe su. Masu binciken tarihi sun ƙiyasta cewa an kashe tsakanin 1,500 da 3,000 ta wannan hanya. A Airaines, ran 7 ga Yuni, Kyaftin Charles N'Tchoréré, mutumin Gabon, ya nemi a bar shi cikin sahun hafsoshi tunda shi hafsa ne, sai aka harbe shi nan take. A Chasselay, kusa da Lyon, ranakun 19 da 20 ga Yuni, aka karkashe wasu da bindigogin tankokin yaƙi, kuma har yau maƙabartarsu tana nan, an gina ta da jan bango irin na ginin ƙasarmu. Akwai kuma wani Bafaranshe da ya kamata a ambata, Jean Moulin, wanda yake shugaban lardi a Chartres. Jamusawa suka kawo masa takarda ya sa hannu cewa sojojin Afirka ne suka kashe wasu mata da yara, alhali bama-baman Jamus ne suka kashe su. Ya ƙi. Suka yi masa dūka suka kulle shi, har ya yanki maƙogwaronsa da fasasshen gilashi don gudun kada azaba ta sa ya sa hannu a kan ƙarya. Bai mutu a ranar ba. Shi ne daga baya ya haɗa kan ƙungiyoyin da ke yaƙar mamaya a ɓoye, ya kuma mutu a hannun Jamusawa a watan Yuli, 1943.

Mamadu yana cikin waɗanda suka tsira daga kisan farko. Aka tsare shi a garin Neufchâteau, a lardin Vosges da ke gabashin Faransa. Jamusawa ba su so a kai fursunoni baƙaƙe cikin ƙasarsu, sai suka riƙa tsare su a sansanoni cikin Faransa. Léopold Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal na farko a 1960, shi ma a irin waɗannan sansanoni ya zauna har 1942. Mamadu bai daɗe ba. Shi da wasu 'yan'uwansa sojoji suka sulale suka shige kurmin da ke kusa da Saint-Ouen-lès-Parey.

BAƘO A TOLLAINCOURT

Ku yi tunanin halin da suke ciki. Bature idan ya gudu daga sansani, ya sauya tufafi, ya shiga kasuwa, shi ke nan ya ɓace. Baƙin mutum a ƙauyen Vosges ba shi da inda zai ɓace, ko yaro ya hango shi daga nesa ya san ba ɗan gari ba ne. Ga sanyi yana tafe, irin wanda hunturunmu na bakin kogi wasa ne a kansa, don dusar ƙanƙara takan rufe ƙasar. Wasunsu suna da raunuka. Ba su da abinci, ba su san hanya ba.

Mutanen ƙauyukan wurin manoma ne da masu saran itace, akasarinsu 'yan Katolika, kuma da yawansu ba su taɓa zama da baƙar fata ba. Su ne suka riƙa kai musu burodi da madara da tufafi a daji, suna wanke musu raunuka. Mata ne suka fi yin wannan aiki, domin mazaje da yawa suna tsare a Jamus. Daga baya Mamadu ya sami wurin zama a wani ƙaramin ƙauye, Tollaincourt, ana faɗinsa Tolankur, wanda bai fi wata tunga ta bakin kogi ba. Magajin garin ya ba shi masauki, aka nuna wa hukuma cewa ɗan ƙodagon gona ne.

Wannan alheri ba mai araha ba ne. Ɓoye sojan da ya gudu laifi ne babba a dokar mamaya. Kuma ba Jamusawa kaɗai ake tsoro ba. Gwamnatin Marshal Pétain da ke zaune a Vichy ta zaɓi haɗa kai da Hitila, tana da 'yan sandanta, tana da masu kai mata tsegumi. A ƙauyen da kowa ya san kowa, baki ɗaya ya isa ya hallaka gida. Duk da haka baƙon nan ya yi wajen shekara uku a cikinsu, yana addininsa, suna nasu.

(Wannan rabuwar kan Faransawa har iyakarmu ta iso. Nijar da Dahome sun kasance ƙarƙashin Vichy har watan Nuwamba, 1942, saboda haka wanda ya ƙetare daga Kamba zuwa Gaya a lokacin ya shiga ƙasar da ba ta ga maciji da Ingila. Chadi kuwa, a ƙarƙashin gwamnanta baƙar fata, Félix Éboué, tun watan Agusta, 1940, ta bi Janar de Gaulle, wanda ya yi kira daga Landan a ci gaba da yaƙi.)

Abin da ya sa ake tunawa da Mamadu shi ne bai tsaya a matsayin wanda aka yi wa alheri ba. Hanyar Suwizalan a buɗe take gare shi, ƙasar da ba ta shiga yaƙin ba, inda duk wanda ya ƙetara ya tsira. Ya taimaka aka fitar da abokansa sojojin Afirka wajen 40 ta wannan hanya, daga gida zuwa gida, daga hannu zuwa hannu. Shi kuwa ya zauna. Tun ƙarshen 1940 ya haɗu da mutum biyu na garin Lamarche, Marcel Arburger, mai aikin famfo da kwano, da Georges Froitier, malamin makaranta. Su ne suka fara harhaɗa masu ƙin mamaya a yankin, daga baya suka shiga babbar ƙungiyar ɓoye da ake kira Ceux de la Résistance. Mamadu ya zama ƙafar ƙungiyar. A kan keke yake zaga ƙauyuka, yana kai saƙo, yana neman masauki ga masu gudu, yana raka su. Har wani sojan sama na Ingila da aka harbo jirginsu yana cikin waɗanda ya taimaka suka kai Suwizalan, alhali tun 1941 hukumar sojan Jamus ta manna sanarwa cewa duk namijin da ya taimaki irin waɗannan za a harbe shi, mace kuwa a kai ta sansani a Jamus.

Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne, a cikin dukan mutanen yankin, shi ne wanda ya fi sauƙin ganewa, kuma shi ne ya ɗauki aikin da ya fi bukatar yawo a fili.

SANSANIN DAJI

Da yaƙi ya yi tsawo, Jamus ta rasa ma'aikata, don samarinta suna ta ƙarewa a fagen Rasha. Sai ta matsa wa gwamnatin Vichy, ita kuma ta kafa doka ran 16 ga Fabrairu, 1943, cewa samarin da aka haifa a 1920 da 1921 da 1922 dole su tafi aiki a masana'antun Jamus. Sama da mutum 600,000 aka kwasa kafin yaƙi ya ƙare. Dattawanmu za su gane wannan da sauri, domin a daidai waɗannan shekaru, daga 1942 zuwa 1944, Turawan Ingila sun yi ta ɗibar mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da aka riƙa kira ɗiban gwamna, kuma mutane da yawa sun mutu can saboda sanyi da yunwa da cuta. Uwa a Vosges da uwa a lardin Sakkwato kuka ɗaya suka yi a shekarar.

Samarin Faransa da yawa suka ƙi tafiya. Amma wanda ya ƙi, ya zama mai laifi, an yanke masa katin rabon abinci, 'yan sanda suna nemansa, ba ya iya kwana gidan ubansa. Ina za shi? Sai daji. Irin waɗannan maɓoya su ake kira maquis, ana faɗinsa maki, kalmar da asalinta ke nufin sarƙaƙiya. A watan Maris, 1943, Arburger da Froitier da Mamadu suka kafa maki na farko a dukan lardin Vosges, a cikin kurmin da ke tsakanin Martigny-les-Bains da Robécourt. Suka sa masa suna Délivrance, wato Kuɓuta. Samari wajen 80 suka taru a wurin, har da wasu Rashawa da suka gudo daga hannun Jamus. Mamadu ne yake kula da zamansu da horonsu da cikinsu.

Kada ku zaci wata babbar runduna ce mai igwa da motoci. Makamansu kaɗan ne, kuma ba su ci wani gari da yaƙi ba. Babban aikin wurin shi ne a ɓoye yaran mutane, a kuma ciyar da su. Wanda ya taɓa leƙa kicin ɗin makarantar kwana ya san abin da ake nufi da ciyar da samari tamanin. Ko sau biyu kawai za su ci a yini, kwano 160 ke nan, yau da gobe da jibi. To, a yi wannan a ƙasar da ba a sayen burodi sai da kati, inda ake ƙirga dabbobin manomi don kada ya yanka ba izini, kuma a kai kayan cikin kurmi ba tare da an bar sawu ba. Dole a san manomin da zai ba da dankali, da mai gasa burodin da zai rufe ido, da gidan da ba a taɓawa don bakin matar gidan ba ya rufuwa. Tsohon kukun Langeais ya san dukan wannan, don ya yi shekaru yana shiga gidajen nan yana cin abinci tare da su. Jamusawa suka laƙaba masa sunan baƙin ɗan ta'adda.

Wannan suna yana bukatar a tsaya a kansa. Mu a wannan yanki ba a littafi muka koyi ma'anar ta'addanci ba. Mun ga abin da ya faru a Birnin Yawuri ran 17 ga Yuni, 2021, sa'ad da 'yan bindiga suka shiga makaranta suka kwashe ɗalibai da malamai zuwa daji. Wancan shi ne ta'addanci, a raba yara da iyayensu a kai su daji don a sayar da ransu. Mamadu ma daji ya kai yaran mutane, amma don kada a kwashe su ne, kuma iyayensu ne suka danƙa masa su. Ina faɗin wannan ne domin na sha jin yaranmu, har da waɗanda ke cikin ƙungiyar mawaƙan majami'a, suna amfani da kalmar Bafulatani kamar ita da ɗan fashi abu ɗaya ne. Na san zafin da ya haifi wannan magana, ba na kuma raina shi, akwai gidajen da aka yi wa ɓarnar da ba ta gyaruwa. Amma hukunta kabila dungum saboda laifin wasu, wannan shi ne ainihin karatun da aka koya wa sojojin da suka ware baƙaƙe a Chasselay.

Dukanmu mun san misalin Basamariye a Luka sura 10, da tambayar da ta jawo shi, wato wane ne maƙwabci. A labarin Tolankur yana da wuya a ce ga Basamariyen. A 1940 baƙon ne yake kwance a gefen hanya, mutanen gari suka ɗauke shi. A 1943 'ya'yansu ne a gefen hanya, shi ya ɗauke su.

KAMU DA KISA

Sansanin bai wuce wata huɗu ba. Taron mutum kusan ɗari ba ya ɓoyuwa har abada, asiri ya tonu, a watan Yuli, 1943, sojojin Jamus suka auka wa kurmin, sansanin ya watse. Aka shiga farautar shugabannin. Ba a sha wahalar kwatanta Mamadu ba. Aka kama shi aka kai shi kurkuku a Épinal, babban garin lardin. Arburger ma ya shiga hannu.

Abin da Jamusawa ke nema a bakinsa a fili yake. Wa ya ba da gari, wa ya ba da nama, a gidan wa aka kwana, ta hannun wa ake bi zuwa Suwizalan, ina samarin suka watsu. Ba wanda ya fi shi sanin amsoshin nan, don shi ne ya ƙulla yawancinsu da ƙafarsa. Suka gana masa azaba. Mutanen yankin da masu binciken tarihi bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa bai ambaci sunan kowa ba. Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

A ganina nan ne nauyin tarihinsa yake. Ɗan gari idan ya yi shiru a irin wannan wuri, uwarsa yake karewa, da ƙanensa, da gonar gado. Mamadu ba shi da ko taki ɗaya na ƙasa a Vosges. Ba danginsa ba ne, ba addininsu ɗaya ba, a dokar Faransa ma shi ba cikakken ɗan ƙasa ba ne, talakan mulkin mallaka ne wanda ba shi da ƙuri'a. Abin da ke tsakaninsa da mutanen nan bai wuce burodin da suka kai masa daji ba, da ƙofar da suka buɗe masa, da amanar 'ya'yansu. A kan wannan ya jure.

A farkon Disamba kotun sojan Jamus ta yanke musu hukuncin kisa, shi da Arburger. Ran 18 ga Disamba, 1943, aka fitar da su zuwa wani tudu a gefen Épinal da ake kira La Vierge, wato Budurwa, aka harbe su, mai gyaran famfo na Lamarche da Bafulatanin Futa Jalo. Saura mako ɗaya Mamadu ya cika shekara 27. Wata tara bayan haka, a Satumba, 1944, sojojin Amurka suka kori Jamusawa daga Épinal.

BAYAN MUTUWARSA

Da an ce a nan labarin ya ƙare, da sai mu ce Faransa ta rungumi sunansa. Ba haka aka yi ba. Da yaƙi ya ƙare aka rarraba lambobin girma, aka sa wa tituna sunayen waɗanda suka mutu, amma hukuma ta manta da Addi Bâ. Ba shi kaɗai aka yi wa haka ba, wasu ma abin da ya same su ya fi mantuwa muni. Ran 1 ga Disamba, 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Afirka da aka dawo da su daga sansanonin fursuna, irin waɗanda Mamadu ya gudu daga ciki, suka nemi a biya su bashin albashinsu. Sojojin Faransa suka buɗe musu wuta. Hukuma a lokacin ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna ganin adadin ya ninka haka sau da yawa, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Gini kuwa ta ƙi tayin de Gaulle a ƙuri'ar 1958 ta karɓi 'yancinta, zumunci tsakanin ƙasashen biyu ya yanke shekaru da yawa, ba mai bin kadin wani soja da ya mutu a Vosges.

Waɗanda ba su manta ba su ne mutanen ƙauyukan. Tsofaffin Tolankur da kewaye sun ci gaba da ba jikokinsu labarin baƙon nan mai keke. Sai wani tsohon hafsa da ya taɓa jagorantar sojojin Afirka, Kanar Maurice Rives, ya ɗauki maganar, ya yi shekaru yana rubuta wa hukumomi takardu. A 1991 garin Langeais, inda ya yi aikin kuku, ya sa wa wani titi sunansa. Ran 13 ga Yuli, 2003, shekara sittin bayan watsewar sansanin Kuɓuta, aka ba shi lambar girma ta masu yaƙi da mamaya, 'yan'uwansa suka zo daga Gini suka karɓa. Yawancin matan da suka kai masa burodi a kurmi ba su ga wannan rana ba.

Daga nan sunansa ya fara yawo. Marubucin nan na Gini, Tierno Monénembo, wanda shi ma Bafulatanin Futa ne, ya rubuta ƙagaggen labari a kansa a 2012. Wani ɗan jarida, Étienne Guillermond, ya fitar da littafin tarihinsa a 2013 bayan doguwar bin diddigi a Vosges da Gini. A 2017 aka yi fim mai suna Nos patriotes. Wanda ya sami damar kallon fim ɗin ya tuna cewa masu fim sukan ƙara gishiri, ba duk abin da ya gani ne ya faru ba.

Tolankur ma ta sa wa titi sunansa. Gawarsa kuwa ba ta koma Futa Jalo ba. Tana maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Colmar, kusa da iyakar Jamus, a sashen Musulmi.